Kuskuren Aika Saƙon Imel a Ofis: Daga Hatimin Gwandu Zuwa Maɓallin Waya

Saƙon imel, wato wasiƙar da ake rubutawa a kwamfuta ko a wayar hannu sannan a tura ta ta intanet zuwa adireshin wani, ya shiga aikin ofis a Jihar Kebbi shiga ta sosai, musamman a wuraren da ke hulɗa da Abuja kullum, irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 wadda harabarta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da babban asibitin jiha da ke Kalgo, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi kamar ta Gwandu, da bankuna da ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya lura da kurakuran da ke sa ma'aikaci sunkuyar da kai a wannan fage zai ga cewa kaɗan ne daga cikinsu suka shafi ƙarancin Turanci ko kuskuren nahawu, mafi yawansu kuwa sun taso ne daga isar saƙo hannun wanda ba shi aka nufa ba, ko isarsa tun kafin mai shi ya gama shawara.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar wasiƙar aiki ba ce. Tun da aka danƙa wa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kula da yammacin daular da jihadi ya kafa a farkon ƙarni na 19, da wasiƙa Gwandu take isar da umarni zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashinta, har Nupe da Ilori. Irin wannan wasiƙa da Larabci ake rubuta ta, kuma tana da tsari sananne, domin takan fara da bisimilla da salati, ta ambaci wanda ya aiko da wanda aka aika wa tare da gaisuwar da ta dace da matsayinsa, sannan ta shiga batun da ya sa aka rubuta ta. Abin lura a nan shi ne yawan hannuwan da take bi kafin ta bar gari: mai magana ya faɗa, magatakarda ya rubuta, a karanta a ji, a buga hatimi, a miƙa wa manzo wanda ya san hanya kuma ya san fuskar wanda zai ba. Ko da an yi ɓatan baki, akwai damar a tura mahayi ya cim ma manzo kafin ya yi nisa. Ofisoshin En'e da na gwamnati da suka biyo baya sun riƙe wannan tsari a wata siga, inda akawu ke buga takarda a tafireta, shugaba ya duba ya sa hannu, a shigar da ita rajista, masinja ya kai, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafi. Tsarin yana da jinkiri mai gundura, kuma ba wanda ke kewar jiran fayil na mako biyu, amma jinkirin nan shi ke tace kuskure. Imel ya tattara aikin magatakarda da mai hatimi da masinja ya ɗora wa mutum guda, wanda sau da yawa yana tsaye ne a bakin ƙofar ofis yana neman sabis, yana rubutu da babban yatsa.

Kuskuren adireshi ne kan gaba, kuma sanadinsa wata dabara ce da aka ƙirƙira don sauƙaƙa aiki: da zarar mutum ya fara rubuta haruffan farko na suna, manhajar imel sai ta kawo masa sunayen da ya taɓa hulɗa da su don ya zaɓa, idan kuwa ya danna da gaggawa sai ta ɗauki na sama. Wannan dabara ta fi haɗari a ƙasar Hausa fiye da wurare da yawa, saboda sunayen yanka kaɗan ne ke yawo a tsakanin jama'a, ga kuma al'adar ɗaukar sunan gari a matsayin sunan ƙarshe, ta yadda ba abin mamaki ba ne a samu ma'aikata uku ko huɗu a ma'aikata ɗaya da suna iri ɗaya da gari iri ɗaya, bambancinsu harafi guda ne a tsakiya. Takardar tuhuma da aka rubuta wa ɗaya sai ta faɗa akwatin ɗaya, ko jerin albashi da aka nufi ma'aji da shi ya tafi wa wani ɗan kwangila mai suna irin nasa. Manyan gwamnatoci ma ba su tsira ba. A watan Nuwamba na 2014, gab da taron shugabannin ƙasashen G20 a birnin Brisbane, wani ma'aikacin hukumar shige da fice ta Ostireliya ya tura bayanan fasfo na shugabanni 31, cikinsu har da Barack Obama da Vladimir Putin, zuwa ga masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta nahiyar Asiya, kuma dalilin da aka bayar shi ne bai duba sunan da manhajar ta cike masa ba.

Ƙarshen adireshi, wato haruffan da ke nuna ƙasa ko irin hukumar da ta mallake shi, yana da nasa tarkon. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa an shafe shekaru miliyoyin saƙonnin da aka nufi sojojin Amurka da su suna karkata zuwa ƙasar Mali, saboda adireshin rundunar yana ƙarewa da .mil, na Mali kuma da .ml, mantuwar harafi guda ke nan. Johannes Zuurbier, ɗan ƙasar Holan da ke kula da adireshin Mali a lokacin, ya ce ya tara saƙonni kusan 117,000 a cikin watannin farko na shekarar kaɗai. Ga jihar da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar wannan darasi ne na kusa, tunda adireshin Najeriya yana ƙarewa da .ng, na Nijar kuma da .ne, ko da yake yawancin irin wannan kuskure a nan yakan ƙare ne da saƙon ya dawo ko ya ɓace, mai shi yana zaune yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Mafi munin kuskure a wajen sakamako shi ne na gurbin kwafi. A saman kowane saƙo akwai gurbin wanda aka aika wa kai tsaye, sai gurbi mai alamar CC, wanda ya samo sunansa daga takardar kabon da akawu ke sakawa tsakanin takardu don fitar da kwafi, kuma duk wanda aka sa a ciki kowa yana ganin adireshinsa. Gurbi na uku mai alamar BCC shi ne ɓoyayyen kwafi, wanda ke kai saƙon ga mutane da yawa ba tare da ɗaya ya ga ɗaya ba, sai dai a manhajoji da yawa, musamman a waya, a lulluɓe yake sai an neme shi. A watan Satumba na 2015 wani asibitin kula da lafiyar jima'i da ke lamba 56 a titin Dean a Landan ya aika wa mutane kusan 780 takardar labarai ta masu hulɗa da sashen cutar ƙanjamau, ya zuba adireshinsu a fili maimakon ɓoyayyen gurbi, abin da ya jawo wa hukumar asibitin tarar fam 180,000. A Satumban 2021 kuma ma'aikatar tsaron Birtaniya ta yi irin wannan ga 'yan Afganistan fiye da 250 da suka yi wa sojojinta aiki suna neman mafaka bayan Taliban ta karɓi mulki, kuskuren da ke iya kai mutum kabari, aka kuma ci ma'aikatar tarar fam 350,000 a 2023. Idan haka ta faru a birni kamar Landan mai miliyoyin mutane da ba su san juna ba har aka ɗauke ta babbar musiba, to a gari kamar Kalgo ko Gwandu, inda sunan mutum kaɗai ya isa a san gidansu da surukansa da masallacin da yake salla, jerin marasa lafiya ko na masu bashi ko na ɗaliban da aka kora ba ya buƙatar ya yi nisa kafin ya raba aure ko ya zubar da mutunci.

Maɓallin amsa wa kowa yana zaune ne dab da maɓallin amsa wa mutum ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu a fuskar waya ba ta kai faɗin yatsa ba. A watan Nuwamba na 2016 an tura wani saƙon gwaji bisa kuskure ga ma'aikatan hukumar lafiya ta Ingila kusan 840,000, sai waɗanda abin ya dama suka riƙa amsa wa kowa suna cewa a cire su, kowace amsa tana komawa ga dukkan jama'ar, har miliyoyin saƙonni suka toshe tsarin a ranar. A ƙaramin ofis ɓarnar ba ta toshe na'ura, mutunci take taɓawa, domin abin da aka saba gani shi ne ma'aikaci ya karɓi sanarwar shugaba, ya rubuta wa abokinsa wata 'yar magana ta shaƙiyanci a kanta, sai ga maganar a gaban shugaban da dukkan ma'aikata. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne tura saƙo gaba ba tare da an duba ƙasansa ba, alhali duk muhawarar da aka yi a baya tana biye da shi, har da inda aka tattauna yadda za a ƙi biyan wanda yanzu aka tura wa.

Sauran ƙananan kurakurai, kamar a ce ga takarda an maƙala alhali babu komai, ko a maƙala tsohon kwafi, ko hoton biki ya maye gurbin rahoto, dariya suke jawowa su wuce. Wanda ba ya wucewa da sauƙi shi ne na ladabi. Gajartar da imel ya zo da ita daga ofisoshin Turawa ba ta dace da wurin da ƙarami ba ya buɗe baki gaban babba sai da gaisuwa da "ranka ya daɗe" ba, don haka saƙon layi ɗaya marar sallama daga ƙaramin ma'aikaci zuwa ga darakta ana iya karanta shi a matsayin raini ko da mai shi sauri kawai yake yi. Haka nan adireshin da mutum ya buɗe yana saurayi da laƙabin wasa, idan ya ci gaba da aika takardun hukuma da shi, yana rage masa kwarjini tun kafin a buɗe saƙon. Akwai kuma al'adar ofis guda ya yi tarayya a adireshi ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ko a je shagon buga takardu a shiga akwati a tashi ba a rufe ba, wanda sakamakonsa shi ne idan ɓarna ta auku ba a iya tantance hannun da ya yi ta.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma masu ƙera manhajoji ba su ƙaryata wannan ba sai da ɗan kaɗan. Gmail yana ba da damar fasa aikawa, amma na daƙiƙa biyar zuwa talatin ne, kuma a haƙiƙa riƙe saƙon yake yi na wannan ɗan lokaci kafin ya sake shi. Janye saƙo a Outlook kuwa yana aiki ne tsakanin ma'aikatan da ke kan tsarin ma'aikata ɗaya, kuma idan bai yi nasara ba yakan ƙara jawo hankalin mai karɓa ga abin da ake son ɓoyewa. Rubutu dama can yana da halin isa ga idon da ba a yi tsammani ba, kamar yadda wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903 suka ƙare a fassare cikin littafin da H. F. Backwell ya fitar a 1927, sai dai imel ba ya jiran a ci gari da yaƙi, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar bayanan da suka fito daga kwamfuta a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗa.

Kunya, wadda ake yabo a tarbiyyar Bahaushe, a nan takan yi aikin da ba a so, domin ita ke sa ma'aikacin da ya gane ya yi kuskure ya yi shiru yana fatan ba wanda zai lura, alhali awannin farko su ne kaɗai lokacin da za a iya kiran wanda saƙon ya faɗa hannunsa a roƙe shi ya goge, a kuma sanar da waɗanda sirrinsu ya fita su shirya. Shugaban da ke wulaƙanta duk wanda ya kawo masa rahoton kuskure yana koya wa ma'aikatansa ɓoyo ne, kuma doka ba ta bar wa ɓoyon wuri ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk hukuma ko kamfanin da ke riƙe da bayanan mutane ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 da gane cewa bayanan sun fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su, kuma tarar da ta tanada tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa a cikinsu.