Baƙon da Ba Ya Sallama a Zaure

Maginan da suka tsara gidan Bahaushe ba a banza suka sa zaure a gaba ba. Baƙo zai yi sallama, a aiko yaro ya duba ko wane ne, maigida ya fito su gaisa a nan. Saurayin da ya zo zance ma sai an san ɗan gidan wane ne kafin a shimfiɗa masa tabarma. Tarbiyyar yara ta daɗe tana jingine da wannan tsari, domin an san wanda yaro ke hulɗa da shi, kuma maƙwabci na iya tsawata masa a hanya, uban ya zo ya yi godiya. Amma tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, musamman da wayoyin shafawa irin su Tecno da Itel suka yi araha, baƙo ya daina bi ta zaure. Da ƙarfe ɗayan dare yana ƙuryar ɗaki yana hira da yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, alhali maigida ya sa sakata ya kwanta da tunanin gidansa a kulle yake.

Wannan fargaba ta iyaye tana da tarihi. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano an yi ta kukan za su lalata 'yan mata. An kafa hukumar tace fina-finai ta jihar a 2001, kuma a 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutun bai mutu ba. Ya koma zaurukan WhatsApp, inda ake biyan kuɗi a riƙa karɓar labari babi-babi, kuma wasu daga cikin labaran sun fi waɗanda aka ƙona rashin kunya nesa ba kusa ba. Waɗancan ana iya tsintarsu a ƙarƙashin matashin kai. Waɗannan suna bayan lambar sirri.

Akwai kuma bambancin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Littafi ba ya sanin wanda ke karanta shi, amma TikTok da Instagram da YouTube suna nazarin mai kallonsu. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa yaro ya tsaya a kan bidiyo, wanne ya maimaita, wanne ya wuce da sauri, sai ta ƙaro masa irin wanda ya riƙe idonsa. Kamfanonin da talla suke samun kuɗi, talla kuma tana son mutum ya daɗe yana kallo, shi ya sa bidiyo ba ya ƙarewa, ana gama ɗaya wani ya ɗora. Yaron da ya tsaya sau biyu a kan rawar banza saboda son sani, gobe zai tarar an jera masa irinta ba tare da ya nema ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya gano manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. Don haka idan aka ce yaro ya kasa ajiye waya, a tuna cewa ƙwararrun injiniyoyi aka biya don ya kasa ɗin.

Ƙa'idar shekara 13 da waɗannan dandali suka gindaya ma ba wani masanin tarbiyya ne ya yanke ta ba. Ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta taƙaita tattara bayanan ƙananan yara, kuma yaro na tsallake ta da sauya shekarar haihuwa kawai. Ƙasar Ostireliya ta ga hakan bai isa ba, ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin, ta ɗora alhakin a wuyan kamfanoni. Mu a nan abin da muka fi gani shi ne Hisba ta kama mai TikTok bayan bidiyo ya gama zagaya gari.

Wani uban zai ce shi ya huta, tun da bai saya wa ɗansa waya ba, ba ya kuma ba shi kuɗin data. Ya manta da masu tura fina-finai a memori a bakin kasuwa, ya manta da Xender da ke kwashe bidiyo daga waya zuwa waya ba tare da ko kwabo ba, ya manta da wayar abokin da suke dawowa tare daga Islamiyya. Hani tsagwaronsa yana da nasa farashin kuma. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma yaron da bai taɓa riƙe na'ura ba yakan shiga ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa. A cikin wayar nan dai ake sauraron tafsiri, ake koyon ɗinki da lissafi.

Ga ƙananan yara maganar a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye jariri ko ɗan shekara ɗaya a gaban allon waya ko talabijin, masu shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Uwar da aiki ya yi wa yawa takan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru, kuma ba wanda zai ga laifinta sosai. Sai dai yaro yana koyon magana ne idan ya faɗa an amsa masa, ya yi kuskure an gyara, katun kuwa ba ya jiran amsar kowa.

Inda na fi ganin haɗari shi ne wurin kunya. Mun gaji al'adar da uba ba ya sakewa da ɗansa, uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, balle a zauna a yi maganar balaga. A da wannan bai zama giɓi ba, saboda a babban gida akwai kaka mai wasa da jika, akwai gwaggo da kawu, waɗanda yaro zai iya faɗa wa abin da ba zai iya furtawa gaban mahaifinsa ba. Yanzu ma'aurata da yawa a birni suna zaune su kaɗai a gidan haya, kaka tana ƙauye, kunyar kuwa tana nan yadda take. To, yarinyar da wani ya yaudara ta tura masa hotonta, ya dawo yana cewa ko ta ba shi kuɗi ko ya watsa, wa za ta gaya wa? Ta san abu na farko da zai biyo baya shi ne duka da ƙwace waya da gori. Sai ta yi shiru, mai barazanar kuma shirun nan yake so. Haka yaron da ya faɗa cacar ƙwallo ta waya ya cinye kuɗin makaranta. Ya kamata kowane gida ya tanadi babba ɗaya, ko gwaggo ko yaya ko ita uwar, wanda yaro ya tabbata idan ya kawo masa matsala za a fara da ceto shi, faɗa ya biyo daga baya.

Akwai dabarun da ke taimakawa. Family Link na Google yana ba iyaye damar ƙayyade lokaci da manhajojin da yaro zai sauke, TikTok ma yana da tsarin haɗa shafin yaro da na mahaifi. Wayar yara ta kwana a ɗakin iyaye tana caji. Matsalar ita ce a gidaje da yawa yaron ne ya buɗe wa baban WhatsApp, shi ya sa masa lambar sirri, shi ake kira idan waya ta rikice. Uban da ke wannan hali sai ya sauke girman kai ya nemi wani ya koya masa. Kuma zai yi wuya yaro ya ji maganar wanda ke cin tuwo da hannu ɗaya yana shafa waya da ɗayan, ko mai tura hotunan gawarwakin hatsarin mota zuwa zauren dangi.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, yaro ya zo da labarin ana yi masa barazana da hoto, kada a biya ko sisi, domin mai karɓa sau ɗaya zai dawo. Kada a goge saƙonnin cikin fushi. A ɗauki hotonsu da lambar mutumin da asusun bankin da ya turo, a toshe shi, a kai ƙara wurin 'yan sanda, tun da dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta irin wannan barazana.