Waɗanda ƙidayar ƙanjamau ke tsallakewa a Karaye da Rogo

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin a ɗaura aure a Kano. Dokar ta yi, sai dai masu shirin aure kaɗai take kamawa. Wanda tsoro ya hana shi taka ƙofar asibiti ba ta san da shi ba.

Cikin irin waɗannan akwai maza masu neman maza, da kuma 'yan daudu, ko da yake ba kowane ɗan daudu ne ke wannan harka ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu ɗauke da cutar ƙanjamau ba su kai biyu cikin ɗari ba a Nijeriya. A cikin maza masu neman maza kuwa, binciken gwamnati na 2020 ya samu kusan ɗaya cikin huɗu. Tun 2007 aka samu kusan ɗaya cikin goma a birnin Kano.

To, ta yaya aka ƙirga mutanen da ba sa son a san su? Su suka ƙirga kansu. Masu bincike kan sami mutum kaɗan da 'yan'uwansu suka yarda da su, a gwada su, a ba kowa 'yan katuna ya miƙa wa abokansa, su ma su kawo wasu. Babu sunan kowa a takarda, sai lamba. Baƙo mai farar riga da biro ba zai iya wannan aiki ba, balle a jihar da ba ta manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba.

Amma katunan nan a manyan birane suke yawo. A Karaye ko Rogo, mai yanka kati a asibiti maƙwabcinka ne, ko kuma sahu ɗaya kuke sallah. Shi ya sa mai neman rufin asiri ya gwammace ya biya kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya ya karɓi magani, ranar da aljihu ya bushe kuma magani ya yanke. Da yawansu magidanta ne, don haka ciwon da aka ɓoye yana iya isa ga matar gida da jaririn da ke ciki.

Ba sai mutum ya sauya fahimtarsa ta addini ba kafin ya gane wannan lissafi. Bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, wani bincike a Abuja ya gano cewa a cikin maza masu neman maza, masu tsoron neman magani sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. A shekarar ce kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, wadda ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba su ko tona musu asiri. Ita ce ya kamata a fara karanta wa ma'aikatan asibitocin karkara.