Bayani A Kan Guraben Kati Na Kwamfutar Tebur, Domin 'Yan Kasuwa Da Dillalai

 

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau mun ɗan ajiye farashin gero da dawa gefe guda, za mu yi magana a kan wata hasara da ke cin kuɗin mutane shiru. Yanzu ofisoshi da shaguna da yawa, a Dawanau da Kantin Kwari da Singa, sun ajiye kwamfutar tebur domin lissafin shiga da fita, da buga rasit, da duban kyamarar tsaro. Da yawansu kuwa 'yan gwanjo ne. In bukata ta ƙaru sai a ce a ƙara mata kati: katin hoto don a jona allon kallo biyu, ko katin waifai, ko na ƙarin kafofin USB. A sayo kati ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi aiki, ko ya yi aiki kwamfuta ta riƙa mutuwa. Mai shago ya ce dillali ya cuce shi, dillali ya rantse kayansa lafiya lau. Sau da yawa kuwa babu wanda ya cuci wani, gurbi ne ba a duba ba kafin ciniki.

In an buɗe cikin kwamfuta za a ga wani faffaɗan allo wanda kome ke jone a jikinsa. Shi ne uwar allo, masu gyara su na ce masa madabod. A gefensa na baya akwai dogayen ramuka a jere, su ne guraben kati. To, guraben nan su na da iyaka ta fuska biyar.

Ta farko, irin gurbi. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da gurbin da daga baya aka sa wa suna ISA. A 1992 kamfanin Intel ya fito da PCI, wanda galibi fari ne. A 1997 aka sami AGP, shi na katin hoto ne kaɗai. Sa'an nan a 2003 PCI Express ya zo, a taƙaice PCIe, shi ne ake yayi har yau. Sunan PCI da PCIe sun yi kama, amma fa ba sa shiga gurbin juna ko kaɗan. Wanda ya danna da ƙarfi zai karya haƙoran kati ko ya ɓata allo. Tsofaffin katuna irin PCI su na nan jibge cikin kayan gwanjo, alhali sababbin alluna mafi yawa ba su da gurbinsu.

Ta biyu, yawan gurbi. Babban allo da ake kira ATX, mai tsawon milimita 305 da faɗi 244, bai wuce gurbi 7 ba. Matsakaici, microATX, bai wuce 4 ba. Ƙaramin nan Mini-ITX, mai milimita 170 kowane gefe, gurbi ɗaya tak gare shi. Kuma kada ku ƙirga ƙarafan bayan akwati ku ce su ne gurabe, ku buɗe ku ƙirga na jikin allo. Har wa yau, katin hoto mai kauri da fanka ya kan rufe gurbin da ke maƙwabtaka da shi, wani ma ya rufe biyu. Watau mai gurbi 4 in ya sa irin wannan kati, sauransa 2.

Ta uku, layi, kuma nan ne mutane su ka fi ruɗewa. Gurbin PCIe iri-iri ne: x1, x4, x8, x16. Lambar nan ita ce yawan layukan da saƙo ke bi. Ku ɗauka gurbi ƙofar sito ce, layuka kuwa 'yan dako. Ƙofa na iya zama mai faɗin mutum goma sha shida, amma 'yan dako huɗu kaɗai aka ɗauka. Haka alluna da yawa su ke: gurbi na biyu dogo ne kamar x16, amma layi 4 aka jona masa. Dalili kuwa, yawancin firosesa na Intel na kwamfutar gida da ofis sun yi shekara da shekaru su na ba da layi 16 kai tsaye, kuma gurbin da ya fi kusa da firosesa shi ke ɗauke su. A wasu alluna in an sa kati biyu sai a raba, kowa ya sami 8. Sauran gurabe ta wani ƙaramin guntu su ke bi, ana ce masa cifset, kuma su na tarayya da wasu kafofin. Shi ya sa a wani allon in ka sa ma'ajiyar nan siririya ta M.2, sai wata kafar SATA ko wani gurbi ya daina aiki. Ba lalacewa ya yi ba, an janye 'yan dakonsa ne zuwa wata ƙofa. Littafin allon ya na faɗin wannan filla-filla.

Ƙa'ida a nan ita ce: ƙaramin kati na shiga babban gurbi ya yi aiki lafiya, x1 a cikin x16 babu laifi. Babba kuwa ba ya shiga ƙarami sai in bayan gurbin a buɗe ya ke. Game da sauri, layi ɗaya na zubin farko na ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, zubi na 2 na 2007 ya ninka zuwa 500, zubi na 3 na 2010 ya kusa 1000, zubi na 4 na 2017 ya kusa 2000. Sabon kati na aiki a tsohon gurbi, amma da saurin tsohon. Saboda haka wanda ya sayi kati mai tsada ya sa a tsohon allo, ya biya kuɗin saurin da ba zai gani ba.

Ta huɗu, wuta. Gurbin x16 iyakar abin da zai ba katin hoto shi ne wat 75. Katin da ya fi haka ci sai an ƙara masa waya daga akwatin wuta: mai rami 6 ta na ƙara wat 75, mai rami 8 ta na ƙara 150. To ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan sirara da ake shigo da su, akwatin wutarsu sau da yawa wajen wat 240 ne ko ƙasa, kuma ba shi da wannan waya. Ku yi lissafi: kati mai rami 6 na iya jan wat 150 shi kaɗai, saura 90 ga firosesa da ma'ajiya da fanka. Ba za ta ɗauka ba. Alamarsa ita ce kwamfuta ta tashi lafiya, da aiki ya yi nauyi sai ta ɗauke. Kuma in ta ɗauke ana tsakiyar shigar da lissafi, abin da ba a adana ba ya tafi.

Ta biyar, tsayin kati. Ƙarfen bayan cikakken kati wajen milimita 120 ne, na gajere wajen 80. Siririn akwati gajeren kati kaɗai ya ke ɗauka. Katuna da yawa su na zuwa da ƙarfe biyu a kwali, to ku tambayi gajeren tun a shago.

Yanzu in an riga an sa kati ya ƙi aiki, ga yadda za a bi. A zare wayar wuta daga bango, a danna makunni don sauran wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati. A cire shi, a hure ƙurar gurbi, gama ƙurar hunturu da ta hatsi na hana haƙora haɗuwa. A mayar a danna har ya zauna daidai, a ɗaure noti. In katin hoto ne, a tabbata wayar allon kallo a jikin katin ta ke, ba a kafar uwar allo ba, wannan kaɗai ya sa an mayar da katuna masu lafiya. In har yanzu shiru, a cire sauran katuna a bar shi kaɗai, ko a sauya masa gurbi. A Windows a buɗe Device Manager: in akwai alama rawaya a sunansa, galibi direbansa ne ba a sa ba. In ta nuna lamba 12, watau babu isasshen wuri gare shi, sai a rage kati ɗaya, ko mai gyara ya duba saitin bayos. Ƙarshe a gwada katin a wata kwamfuta. In ya yi aiki can, lafiyarsa ƙalau, iyakar allonka ce ka cim ma.

In gurabe sun ƙare, ba dole sai an sayi sabuwar kwamfuta ba. Waifai da sauti da ƙarin kafofi duk akwai na USB, su na wadatar da aikin shago. A bar gurbi ga katin hoto, wanda shi ba shi da makwafi mai sauƙi.

Shawararmu ga mai saye: rubuta lambar samfurin kwamfuta, ɗauki hoton guraben da na takardar da ke manne a akwatin wuta, ka nuna kafin ka biya. Ku ƙulla ciniki da sharaɗin gwaji na kwana ɗaya ko biyu, a faɗe shi a gaban shaida. Wanda ya karanta Risala ya san ciniki da zaɓi zuwa ɗan lokacin gwada haja ya halatta. Ga dillali kuwa: in ka san kati ba zai hau kwamfutar mutum ba, ka faɗa masa. La'adar yini ɗaya ba ta kai abokin ciniki na shekara goma ba.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu da hasara da cin haƙƙin wani.