Amanar Likita Ga Mai Juna Biyu

Duk wanda ya san ranar awo a asibitin tarayya na Azare, inda mata kan taho daga Shira da Gamawa da Itas, ya san babu abin da ke kaɗa hantar mai ciki kamar a ce za a yi mata aiki. Alhali kuwa tiyatar da aka shirya tun kafin naƙuda, domin ɗa ya kwanta a gicciye ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, haɗarinta bai kai na wadda ake yi da tsakar dare ba, bayan mace ta kwana biyu a durƙushe. Masu jinyar yoyon fitsari a Ningi sun isa shaida.

Wajibi ne likita ya zaunar da matar, ya bayyana mata maslaha da mafsada cikin harshen da take ji, kamar yadda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, ba da tsoratarwa ba, ba kuma da kwaɗaitarwa ba. A ƙasar Katagum, inda mace kan yi fatan 'ya'ya da yawa, ɓoye zancen tabo ha'inci ne, domin mahaifar da aka yanka tana iya tsagewa a naƙudar gaba, mabiyiya tana iya manne wa tabon har jini ya ɓalle, haɗarin kuma ƙaruwa yake da kowane aiki. Saboda haka sai ta ji tun yanzu cewa za ta ba da tazara, kuma haihuwar gida ta ƙare mata.

Sau da yawa maigida ne ke amsa tambaya ya sa hannu, ita kuwa tana sunkuye tana murza gefen hijabi. Shawara da miji abin so ne, amma shirun da malaman fiƙihu suka ɗauka izinin budurwa ne a babin aure bai wadatar ba a babin wuƙa.

Mai neman a yi mata aiki ba tare da larura ba kuwa, ba ta da yawa a nan, tunda wani bincike na 2018 ya nuna a lokacin haihuwa 3 cikin 100 kacal ake yi ta tiyata a Najeriya. In ta zo, a tambaye ta dalili kafin a musa mata, don wata ta taɓa rasa ɗa ne a doguwar naƙuda.