Kujerar da Ko Sarki Ba Ya Hawa

Ranar 28 ga Maris, 1900, Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a Kumasi. Shekara huɗu ke nan da Turawan Ingila suka kama sarkinsu, Prempeh na Ɗaya, suka fitar da shi daga ƙasar. Gwamnan ya shaida musu sarkin ba zai dawo ba. Bai tsaya nan ba, sai ya tambaya ina kujerar zinariya, kuma don me ba a kawo masa ita ya zauna ba, alhali shi ne wakilin Sarauniya Victoria.

Da ya tambayi ko da fataken goro na zangon Kumasi, da sun ja masa kunne. Tonawa, kamar yadda Hausawa ke kiran mutanen Asante, sun yi imani cewa bokan fada Okomfo Anokye ne ya sauko da kujerar daga sama a zamanin Sarki Osei Tutu, kuma ran al'ummarsu duka yana cikinta. Ba a barinta ta taɓa ƙasa. Tana da kujerarta da ake kwantar da ita a kai, a gefen sarki. Shi kansa sarkin ba ya hawanta, balle baƙo.

Sarakuna suka watse daga taron gwamnan ba wanda ya tanka. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ita ta zaburar da mazaje, aka ɗauki bindigogi. Aka yi wa ganuwar Turawa ta Kumasi ƙawanya, Hodgson da matarsa na ciki, tare da sojoji Hausawa masu tsaronsu. Yunwa da cuta suka yi ta kashe mutane. Sai 23 ga Yuni gwamnan ya samu ya sulale da ƙyar, ya nufi bakin teku.

Turawa sun ci yaƙin, suka kai Yaa Asantewaa tsibiran Seychelles, inda ta rasu a 1921. Amma kujerar ba su ko sa ta a ido ba, don an ɓoye ta a daji. Bayan kusan shekara 20 leburorin hanya suka yi kiciɓis da maɓoyarta, wasu suka sace adon zinariyar jikinta. Sarakuna suka yanke wa ɓarayin kisa, Turawa suka mai da hukuncin kora daga ƙasa, kuma suka janye neman kujerar.

An fito da ita bainar jama'a a 1935, lokacin da aka maido da masarautar a hannun Prempeh na Biyu. Har yau tana Kumasi.