Dabbar Da Ke Da Suna Ba Ta Ɓata A Banza

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya kai Kura ko Kadawa zai ga ƙasa kore shar, alhali ko'ina ya bushe. Wannan albarka ce ta madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974, wadda ruwanta ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa su ne arzikin wurin. To amma inda ruwa da ciyawa suke, nan garken shanu kan nufa. Saboda haka kowace shekara manomi da makiyayi kan yi zaman kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci lafiya, wani lokaci kuwa sai an je gaban mai unguwa ko dagaci.

'Yan'uwa masu karatu, idan aka tashi shari'ar ɓarna ko ta sata, tambaya ɗaya ce kan gagara: wace saniya ce, ta wane ne kuma? Manomi kan ce farar saniya ce ya gani. Amma bunaji kusan dukansu farare ne, don haka maganarsa ba ta kama kowa ba. Shi kuwa Bafillatani, garken da mu muke gani fari fat, a wurinsa kowace saniya da sunanta.

Yadda makiyayi ke sanin garkensa

Fulani kan raɗa wa saniya suna bisa launinta, ko siffar ƙahonta, ko wani tabo a goshi ko a wutsiya. Akwai Ɓaleye wato baƙa, da Woɗeye wato ja, da Daneye wato fara. A wurin Woɗaɓe na Jamhuriyar Nijar, masu kiwon jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, maraƙi kan gaji sunan uwarsa. Ta haka makiyayi kan lissafa uwa da kaka da kakar kaka, ya san wane zuri'a ne mai yawan nono, wane ne mai jure tafiya, wane ne kuma mai saurin kamuwa da cuta. Da maraice idan garke ya dawo ruga, ba sai ya ƙidaya ɗaya, biyu, uku ba. Ido kawai zai kai ya ce wance ba ta dawo ba.

Bahaushe ma ba a bar shi a baya ba wajen dawakai. Baƙin doki akawal ne, fari kili, mai dabbare-dabbare danda. Akwai ingarma da goɗiya da duƙushi. Shamakin kowane sarki ya san dokin da ke hannunsa da wannan irin suna.

Masu bin dawakan daji

Mu a ƙasarmu doki na turke ne. Amma akwai ƙasashen da dawakai ke yawo a daji babu linzami babu mai su, kuma abin sha'awa shi ne masanan da ke lura da su, bayan dogon nazari, hanyar Bafillatani suka bi.

Alal misali, a tsibirin Assateague da ke gaɓar gabashin Amurka akwai garken dawakan daji. Tun cikin shekarun 1970 wani masani mai suna Ronald Keiper ya fara ba kowane doki lamba ta haruffa da alƙaluma. Idan goɗiya ta haihu, sai a ɗauki lambarta a ƙara harafi ɗaya mai nuna shekarar haihuwa, ya zama lambar ɗan. Wanda ya iya karanta lambar zai ga uwa da kaka a jere. Dalilin bin uwa kuwa a fili yake. Dawakan daji kan zauna ƙungiya-ƙungiya, ingarma ɗaya da 'yan goɗiyoyi da 'ya'yansu, kuma wani ingarman kan zo ya ƙwace goɗiyoyin. Uba yana da wuyar tabbatarwa, amma uwa ga ta nan ɗa na tsotsonta. Ma'aikata kan zagaya tsibirin da littafi da hotuna suna duba launi da farin goshi da farin ƙafa. Da wannan lissafi ne suke riƙe garken ɓangaren Maryland tsakanin dawakai 80 zuwa 100, don kada su cinye ciyawar tsibirin.

Haka kuma a ƙasar Mongoliya akwai dokin daji da ake kira takhi. A 1969 aka yi masa ganin ƙarshe a daji, sai waɗanda suka rage a gidajen namun daji na Turai da Amurka, dukansu kuwa zuri'ar dawakai ne da ba su wuce goma sha uku ba. Gidan namun daji na birnin Prague ya riƙe littafin asalinsu tun 1959, ana rubuta wa ya haifi wa, don a guje wa haɗa 'yan'uwa na kusa. A 1992 aka fara mayar da su Mongoliya, yau ga su suna hayayyafa a dajin Hustai. Da babu wannan littafi, da wuya a ceto su.

Abin da ya rage mana

Bambancin da ke tsakaninmu da su ɗaya ne: su sun rubuta, namu yana cikin kai. Akwai dalili. Zamanin jangali, makiyayi bai ga amfanin bayyana yawan shanunsa ga hukuma ba, kuma ko da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke jangali a jihar Kano a 1979, tsoron bai gushe ba. Amma ilimin da ke kai kaɗai yakan tafi kabari tare da mai shi, kuma ba ya tsayawa shaida a gaban alƙali.

Mu tuna da annobar bushiya ta 1983 wadda ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa a Arewa. An kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011, amma ciwon huhu na shanu yana nan, kuma malamin dabbobi na bukatar sanin wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba. Mu tuna kuma da ɓarayin shanu da suka taɓa mai da dajin Falgore maɓoyarsu. Idan an ƙwato shanu an tara su wuri ɗaya, wanda ya iya faɗin kamanninsu dalla-dalla shi ne kan koma gida da nasa.

Saboda haka shawara ga manomin Kura da Bunkure mai shanun huɗa biyu da jaki da 'yan tumaki, da kuma maƙwabcinsa na ruga: a sayi littafi na kuɗi kaɗan. A rubuta sunan kowace dabba, da launinta, da alamunta, da sunan uwarta, da shekarar haihuwa ko ranar da aka sayo ta a kasuwar Wudil ko wata kasuwa, da ranar allura. Wanda bai iya rubutu ba, ga yaransa 'yan makaranta. Mai waya kuma ya ɗauki hotonta ta dama da ta hagu da ta gaba. Manomin da aka yi wa ɓarna shi ma ya lura da ƙaho da tabo kafin ya ɗaga murya, don kada a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ruga guda.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a gona da garke.