Zafin Bazara da Sanyin Hunturu: Gyara Za Mu Yi ko Sabo Za Mu Saya?

A ziyarar da muke kai wa ikilisiyoyi, bayan an gama zancen taki da rijiya, magidanta da matan zumunta sukan tare mu da tambayoyi a kan ɗakunan kwanansu. A bazara ba a iya barci saboda zafi, a hunturu kuma yara suna kwana da tari. Ga amsar tambayoyin da muka fi ji.

Mun cire jinka mun sa kwano, me ya sa ɗakin ya ƙara zafi?

Domin yawancin zafin ɗaki ta sama yake shigowa. Ciyawa da ƙasar soro suna da kauri, ba sa barin zafin rana ya ratsa da sauri. Kwano kuwa siriri ne, yana ɗaukar zafi nan da nan ya sauke shi a kan mutanen da ke ciki. A watan Afrilu, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40 a Yola, Maiduguri da Sakkwato, ɗakin kwano marar silin ba wurin ajiye jariri ko tsoho ba ne da rana.

Ba mu ce a kwance kwanon ba, gama ya raba mu da yoyo da gobarar ciyawa. Abin da yake bukata shi ne silin. Idan kuɗin katako bai samu ba, zana ko tabarmar kaba da aka ɗaure a ƙarƙashin kwanon za ta yi aiki, muddin an bar fili a tsakani, an kuma bar ƙananan kafofi a gefe biyu domin iska mai zafi ta fita. A toshe kafofin da raga saboda jemagu da ɓeraye. Shafa wa bayan kwanon farin fenti yana mayar da hasken rana, yana kuma hana tsatsa. Darbejiya ko mangwaro a yammacin ɗaki zai tare ranar la'asar, amma a nisanta shi da bango saboda saiwa.

Kwano mai ramukan ƙusa kaɗan, kafinta zai iya liƙe shi. Wanda tsatsa ta cinye har yana farfashewa a hannu sai sabo. Kafin a saya a duba katakon da ke ƙarƙashi, gama ɗora sabon kwano a kan katakon da gara ta ci asarar kuɗi ce, iskar farkon damina za ta yaye shi. Gidajen da ke da tsohon silin na asbestos kuma, kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu.

Fankarmu ta rage gudu, ta mutu ke nan?

Da wuya. Idan fanka tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, ko tana juyawa a hankali, yawanci wani ƙaramin abu ne da masu gyara ke kira kafasito ya gaji, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Idan tana ƙara, boris ne ya bushe ko ya ci. Duka biyun a gyara. Amma idan ta yi ƙauri ta tsaya, koyil ya ƙone. A nan sai a tambayi kuɗin naɗin sabuwar waya, idan ya kai rabin kuɗin sabuwar fanka, shawararmu a sayi sabuwa. Kada mai gida ya buɗe ta da kansa alhali tana haɗe da wuta.

A ƙauyukan da babu wutar lantarki, fankar sola ta fi janareto sauƙi, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kukan da muka fi ji a kanta shi ne batir ba ya daɗewa. Kafin a zargi batir a hau a goge farantin, gama ƙurar hunturu tana rufe shi ya kasa caji. Batir na ruwa kuma ba ya son a zuƙe shi ƙaf kowane dare, wannan ne yake kashe shi da wuri.

Game da na'urar sanyaya ɗaki da ke wasu asibitocinmu: iskar gas ɗinta ba ta ƙarewa haka kawai. Idan mai gyara yana zuwa ƙara gas duk shekara, akwai inda take yoyo, a ce masa ya nemo wurin ya toshe.

Yaya za mu ɗumama ɗaki a hunturu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu, gama a nan ake rasa rai. A ƙasar Filato da Mambila sanyin dare a Disamba da Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 10, sai iyali su shigar da kaskon gawayi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su toshe kafofi da tsumma. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta ƙwace wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita, saboda haka cewa "wutar ta kama sosai" ba kariya ba ce. Janareto a cikin ɗaki, a zaure, ko a gindin taga, haɗarinsa ɗaya ne.

A ji ɗumin wuta a tsakar gida ko a madafa, a bar kaskon a waje kafin a kwanta. Gyaran da ɗaki yake bukata a yi shi tun da kaka: a yaɓe tsagar bango, a gyara ƙyauren da ba ya rufuwa, a rataya labule mai kauri ko asabari ta gefen arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa. Silin da ya tare zafi a bazara shi ne kuma zai riƙe ɗumi a hunturu. Kada yara su kwanta a kan siminti tsirara, a shimfiɗa musu tabarma biyu ko katifa, a sa musu hula da safa. Muna roƙon zumuntar mata da dattawan ikilisiya su duba gwauraye da tsofaffin da ba su da bargo tun kafin sanyi ya shigo.

Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai, jiri, amai ko kasala a lokaci ɗaya, kuma akwai gawayi ko janareto kusa, kada a ce zazzaɓi ne ko sammu. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje nan take. Kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa ma'aikatan cewa da gawayi aka kwana a ɗakin.